Huwairna Zuwa Dammam

Ranar Lahadi da hantsi Rudaina ta bugo waya daga Dammam, muryarta kamar ta wadda ta kwana uku ba ta ci ba, kuma kusan hakan ne. Uwarta Fidda, wadda duk ƙauyen ke kira Ummu Nayif, tana tsakar gida tana shanya, don haka ta maƙale wayar tsakanin kunne da kafaɗa.

"Yumma, komai na sa a baki dawowa yake. Har ruwa. Abu ɗaya kawai raina ke so."

"Faɗi mana, 'yar nan."

"Huwairna. Irin taki, a cikin kindirmo, wadda ke hawa hanci. Jiya har mafarkinta na yi."

Fidda ta saki rigar da ke hannunta, ta faɗi cikin ƙasa, ba ta ko duba ba.

"Kin sosa wani wuri?"

"Yumma, don Allah."

"Tambayarki nake! Da kina tunaninta, kin sosa jikinki? Ki zauna a kan hannuwanki. In ƙaiƙayin ya matsa, sosa tafin ƙafa, inda ba mai gani. Kar ki kuskura ki taɓa fuska."

Rudaina ta yi dariya, irin dariyar 'yan makaranta, amma Fidda ba ta taya ta ba. Matan tsaunukan Ajlun duk sun taso da jin cewa mai ciki in ta yi kwaɗayin abu ba ta samu ba, siffar abin kan fito a jikin jariri, daidai inda ta sosa. Fidda kuwa ba labari ta ji ba. Ga babban ɗanta Nayif nan, shekara talatin da shida, da wani jan tabo a wuya kamar an manna masa yankan hanta, saboda wata Juma'a, tana da cikinsa, da ta ce hanta take so, mijinta Miflih ya shiga gari ya dawo da ƙusoshi da hirar duniya. To yanzu a ce ganye mai baki-baki kamar zarto ya fito a kumatun jikanta? A ce mace ce?

Kuma ba kowane ciki ba ne wannan. Shekara shida da auren Rudaina, ɓari biyu. Duka biyun kafin wata uku ƙauye ya gama sani, mata sun zo da barka da lissafin watanni, sai ga wayar kuka daga Dammam. Fidda ta ce baki ne, babu wanda ya isa ya canza mata. Saboda haka wannan karon wata huɗu ke nan, daga Rudaina da mijinta sai ita. Ko Miflih bai sani ba. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma in ya zauna a zauren dangi aka zuba masa gahawa kofi biyu, har abin da ya ci da safe sai an ji.

Ta yi lissafi a tsaye. Hayil, ɗan ƙanin Miflih, zai tashi ranar Alhamis da safe da babbar motarsa mai firji, zai kai kayan lambu can. Huwairna kuwa, ganyen daji mai yaji, ba a gaggauta ta. Sai an wanke, an yanka, an murje da gishiri, an matse ɗacin, sannan ta kwana biyu a kindirmo kafin ta zama abin da Rudaina ke mafarki. Ke nan zuwa Talata dole ta shiga kwalba.

Bai dame ta ba, don ta san inda take. A gonarsu ta zaitun mai hawa-hawa a jikin tsauni, hawa na ƙasa, gefen rijiyar tara ruwan sama, ta yi shimfiɗa kore shar. Sati biyu Fidda ke leƙa ta, tana ce mata ƙara kwana kaɗan. Ta ɗauki 'yar wuƙarta mai karyayyen baki da buhu, ta ɗaure ɗankwali, ta kama gangara.

Tun daga wajen masallaci ta ji ƙarar tarakta. Ta tsaya. Ta ce a ranta a gonar wani ce. Ta ƙara sauri duk da gwiwa.

Ba a gonar wani ba ce. Taraktar Ukla mai huɗar haya ce a hawa na sama, tana kifar da jar ƙasa tsakanin itatuwa, Miflih na biye da hannu a baya kamar mai rakiyar babban baƙo. Sati uku yana jiran Ukla. Kullum gobe, kullum ƙasa ba ta sha iska ba, sai yau, ba sanarwa.

"Abu Nayif! Abu Nayif!"

Ya waiwayo fuska cike da murna. "Kin gani? Ya zo!"

"Ka ce ya bar hawa na ƙasa."

"Ya bar me?"

"Hawa na ƙasa. Zuwa gobe."

Ukla ya rage wuta, ya leƙo. "Barka da hantsi, Hajiya. Goben nan fa ina Kufranja, jibi ina wani wuri. Gona shida ke jirana yau. In na fita daga nan sai bayan wata."

"To ba ni awa ɗaya."

"Awa ɗaya don me?" in ji Miflih.

"Huwairna zan yanka."

Miflih ya dube ta, ya dubi Ukla, su biyun suka kwashe da dariya.

"Ciyawa! Ukla, ka ji? In tsayar da tarakta saboda ciyawa. Ita ce fa ke shanye wa zaitun ruwa. Ke, wannan abar ko'ina akwai ta, bakin hanya, bayan makaranta, har kan rufin Abu Salim."

"Ni wannan nake so."

"Me ta fi sauran? Zinariya ke gindinta?"

Maganar ta zo wa Fidda har bakin haƙori. Kalma huɗu ce, da ta faɗa da kansa zai kwanta gaban taya. Amma ga Ukla ya baza kunne, Ukla da ke shiga gona shida a yini yana shan shayi a gida shida. Ta ja hannun rigar Miflih don su koma gefe, ya fizge.

"Faɗi a nan mana, Ukla ɗan gida ne."

"Allah ya shirye ka," in ji ta. "Shekara arba'in, Allah ya shirye ka."

Ta gangara hawa na ƙasa kusan da gudu, ta durƙusa, ta fara yanka. Huwairna ba kabeji ba ce da za a rungumo. 'Yar aba ce mai kwanciya a ƙasa, sai an sa wuƙa ƙarƙashi an ɗago, an kakkaɓe, an raba ta da sauran ciyayi masu kama da ita. Tana yi tana jin ƙarar na saukowa, hawa na uku, hawa na biyu. Ukla ya yi mata kara, ya fara daga can ƙarshe, amma hawan duka bai fi tsakar gida uku ba. Da garma ta iso bayanta ta miƙe ta koma kan katangar duwatsu, tana kallo aka kife shimfiɗar nan, kore ya koma ja.

"Kin samu ta miya ai," Miflih ya ce, yana leƙa buhun.

Ta naɗe bakin buhun ta wuce. A gida ta wanke, ta yanka, ta murje da gishiri, ta matse. Abin da ya rage a tafin hannunta bai kai ƙwan kaza ba. Ta daɗe tana kallonsa. Wannan ba ya kashe kwaɗayi, sai dai ya tashe shi.

Litinin tun da sassafe ta fita, tana cewa a ranta ai Miflih ya ce ko'ina akwai. Bakin hanya an yi feshin maganin ciyawa, komai ya yi rawaya ya lanƙwashe. Bayan makaranta awaki sun riga ta. Ta hau gangaren da ke kallon rana, tana hutawa a kowane dutse, da ta kai sama sai ta ga wurin fari fat. Huwairna ce, iya ganinka, amma duk ta yi fure. 'Yan furanni masu kunne huɗu-huɗu, ƙudan zuma na ta hidima a kai, iska na kaɗa su kamar suna yi mata gwalo. In ta yi fure kuwa an gama, ganyen ya yi tauri, yajin ya koma ɗaci. Duk da haka ta tsinki ɗaya ta tauna, ko Allah zai sa. Ta tofar.

A hanyar dawowa ta bi ta gefen maƙabarta. Kai, abin haushi! Can ciki, tsakanin kaburbura, ga ta nan lif-lif, ganye fatan-fatan, ko fure ɗaya babu. Fidda ta tsaya ta dafa katanga. Ta duba hagu, ta duba dama, babu kowa. Sai ta tuna uwarta na kwance a layi na biyu, ta tuna kuma cikin wa abin zai shiga. Ta yi istigfari, ta karanta wa mamata Fatiha, ta wuce.

Ba ta iya tambayar kowa ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da wani lokaci ne, ta leƙa gida biyu ta ce wa ke da huwairna, kafin azahar an cika mata kwano. Amma matan garin nan ba a yi musu haka. Tsohuwa mai ciwon gwiwa tana bin tsauni da buhu, Hayil zai tafi Dammam ranar Alhamis, 'yarta na Dammam. Ko wadda ba ta iya ƙirga yatsunta ba za ta haɗa wannan.

Da rana Miflih ya tarar da ita ta miƙe ƙafa tana shafa man zaitun a gwiwa.

"Ina ciyawar?"

"Tana inda ka binne ta."

"Ke wai me ya same ki? Kamar na kashe miki mutum. Gobe in shiga Irbid in sayo miki a kasuwa."

"Ta kasuwa shukawa suke yi suna ba ta ruwan famfo. Ba ta da yaji ko na ƙwayar gero. Kuma kai in aka aike ka gari, na san abin da kake dawowa da shi."

"Af! Hantar nan dai? Har yau?"

"Je ka dubi wuyan ɗanka."

Ya kaɗa kai ya fita, yana ce wa ƙofa mata sai Allah.

Saura wuri ɗaya, kuma tun jiya ta san da shi, tana ta kewaye shi ne kawai. Bayan gidan Subhiyya, Ummu Zuhair, akwai wani fili da doguwar katanga ta tare wa rana, mijinta ya rasu ba mai huɗa shi ba mai feshi. Komai a wurin yakan makara da sati biyu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen. Sai dai shekara ashirin da suka wuce Subhiyya ta leƙo ta ce kai, wannan akuya taki akwai hantsa, ba ta ce masha Allah ba, kwana uku akuya ta kumbura ta mutu. Tun ranar Fidda ba ta yi faɗa da ita ba, suna gaisawa, suna zuwa wa juna gaisuwar mutuwa. Amma in ta yi sabon labule takan sa shi a ɗakin baya, in Nayif ya sayi mota takan ce ta abokinsa ce. A duk faɗin ƙauyen, idon da ta fi ɓoye wa cikin Rudaina shi ne wannan.

Talata da safe Rudaina ta sake bugowa. Ba ta ma yi maganar huwairna ba, cewa ta yi likita ya ce ta rame, in ba ta fara ci ba za a sa mata ruwa. Fidda ta ajiye wayar, ta zuba busasshen ɓaure a faranti, ta karanta Falaƙi da Nasi a bakin ƙofa, ta fita.

Subhiyya na zaune a rana tana tsince ƙananan waken lentil a tire. 'Yar ƙaramar mace ce mai ido kamar na shaho.

"Lale, lale! Ummu Nayif da kanta, da faranti kuma? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Zumunci."

"Zumunci da wuƙa a aljihu? Ga kanta nan ya leƙo."

Fidda ta zauna. Aka sha shayi, aka zagi sanyi, aka zagi gwiwa. Sannan ta ce, tana kallon kofin, "Na ga kamar akwai huwairna a bayanki. Abu Nayif ne ya dame ni, wai ita yake sha'awa."

"Abu Nayif?"

"Shi."

"Wanda ya sa Ukla ya kife ta shekaranjiya, kina gaba tarakta na binki? Duk gari an ji." Subhiyya ta ture wani ɗan dutse gefen tire. "Allah sarki. Wata nawa ne cikin nasa?"

Fidda ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ta fara tattara bakin zanenta za ta tashi.

"Zauna," in ji Subhiyya. Dariyar ta bar fuskarta. "Masha Allah. Masha Allah. Masha Allah, tabarakallah. Kin ji? Sau uku, da ƙari. Ko in kira liman ya shaida?"

"Ni ban ce komai ba."

"Ba ki taɓa cewa ba ai. Shekara ashirin ba ki ce ba. Akuyarki ledar gurasa ta haɗiye, 'yar uwa, ni na ga mahauci ya zaro ta. Amma motar Nayif ta abokinsa ce, labule kuma yana ɗakin baya. Kina tsammani ba na gani? To ai idon ne da ni."

Fidda ta sunkuyar da kai. Ba ta yarda da zancen leda ba, har ga Allah, amma ba ranar musu ba ce.

Subhiyya ta ajiye tire, ta shiga ta fito da tata wuƙar. "Tashi. Da wannan gwiwar taki sai la'asar ba ki cika buhu ba."

Bayan katangar kuwa, ga ta nan kamar an shimfiɗa darduma, ɗanya, da raɓa a jiki, 'yan kaɗan ne suka fara ɗaure kai za su yi fure. Fidda ta tsinki ganye ta tauna, yajin ya hau mata hanci har ƙwalla ta fito. Suka durƙusa su biyu, wuƙaƙensu na ƙara a ƙasa. Can Subhiyya ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kin ce mata kar ta sosa fuska?"

"Na ce."

"Tafin ƙafa."

"Shi na ce."

"Ni ban ji komai ba, ban ga komai ba. Abu Nayif ke kwaɗayi."

Kafin azahar an murje, an matse, an cika kwalba babba mai faɗin baki da kindirmon awaki, aka tsiyaya man zaitun a kai. Fidda ta sa ɗan ƙwan nan na gonarsu a ciki, don dai a ce akwai ta gida. Ta ɓoye kwalbar a bayan tulun zaitun. Hankalinta bai kwanta ba. Duk wanda ya wuce ta ƙofar gida sai ta dubi bakinsa, ko zai ce barka.

Laraba da la'asar tana naɗe kwalbar da leda uku da tsohon tawul, ta rubuta sunan Rudaina da kyar a jikin takarda, Miflih ya shigo neman carbinsa. Ya tsaya. Ya dubi kwalba, ya dubi suna. Ta ga leɓɓansa na motsi, yana haɗa lissafin da matan gari za su haɗa cikin ƙiftawar ido, shi ya ɗauke shi kwana uku. Ya zauna a kan buhun alkama.

"Shi ya sa?"

Ta ci gaba da ɗauri.

"Wata nawa?"

"Huɗu."

"Huɗu! Ni ubanta!" Ya cire rawaninsa ya mayar. "Da kin raɗa min a kunne, wallahi da hannu zan huɗa hawan nan."

"Na ja rigarka. Ka ce Ukla ɗan gida ne."

Idonsa ya ciko. Ya miƙe ya nufi ƙofa.

"Ina za ka?"

"Zaure. Gahawa kawai zan sha."

"Zauna, Abu Nayif. Ni zan dafa maka. Har ta haihu a gida za ka sha."

Alhamis da safe ta kai kwalbar da kanta bakin titi, inda Hayil ya tsayar da mota yana duba tayoyi. Ta ce masa ɗan cuku ne da zaitun, a sa a firji, kar a kwantar, kar a ɗora komai a kai. Hayil ya karɓa, ya jinjina, ya kai hanci kusa da tawul.

"Huwairna ce, Goggo. Allah ya sauke ta lafiya."

"Wa ya faɗa maka?"

"Ba kowa. Shekara goma sha biyu ina wannan hanya. Wata ta kawo min ɗanyun 'ya'yan almon, wata ta kawo min jar ƙasa a gwangwani wai 'yarta za ta lasa. In tsohuwa ta zo da kanta da leda uku, ba na tambaya."

Ya sa kwalbar tsakanin akwatunan kokwamba, ya rufe. Fidda ta tsaya a bakin titi har motar ta sha kwana. Kwana huɗu tana ɓoyo, ta ci dariyar Ukla, ta ci maganar Subhiyya, ta ƙarasa gwiwarta a tsauni, ashe a jikin tawul abin yake a rubuce.

Asabar da hantsi waya ta yi ƙara. Tun kafin Rudaina ta yi magana Fidda ta ji tana tauna.

"Yumma, rabin kwalba na ci, a tsaye, da gurasa biyu. Bai dawo ba! Amma wannan ta fi taki ta kullum yaji. A ina kika samo?"

"Ci dai, ba ruwanki." Ta sauke numfashi, ta zauna a bakin rijiya. "To faɗa min gaskiya, tsakaninki da Allah. Kwana shidan nan, kin sosa?"

Taunar ta tsaya.

"Rudaina."

"Sau ɗaya ne, Yumma. Mantawa na yi. Bayan kunne."

"Wane kunnen?"

"Na hagu. Yumma, likita fa ya ce wannan duk..."

"Likitan ya ga wuyan yayanki?"

Ta kashe wayar. Miflih na gefe da kofin gahawarsa ta gida, ya ƙura mata ido, bai isa ya tambaya ba. Ta daɗe tana shafa bayan kunnenta na hagu da yatsa, tana auna wurin.

"In mace ce gashi zai rufe," ta ce.

"In namiji ne fa?"

Ta juyo ta dube shi, irin kallon da ya sani tun ranar ƙusoshi.

"Sai ka saya masa hula. Kuma ba kai za a aika ba."